Mawaƙi a Kujerar Injiniyan Manhaja

Ganin mawaƙi a kan kujerar ofis ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Kankiya. Cikin shekarun 1970, zamanin da Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, an zaɓi Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya. Bai ajiye waƙa ba saboda wannan muƙami. Ya ci gaba da ita har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999 yana sarkin fagensa.

A yau wata kujerar ce take jan hankalin samari masu waƙa a Kankiya da Kusada da maƙwabtansu, watau kujerar mai rubuta manhajar kwamfuta, musamman a kamfanonin ƙwararru masu ba da shawara. Dalili kuwa a fili yake. Waƙar biki tana da lokacinta, kakar waƙar siyasa sai bayan shekara huɗu take zagayowa, waƙar da aka kashe kuɗi aka haɗa a situdiyo kuwa, kafin mako ya cika ta bazu daga waya zuwa waya ba tare da ko kwabo ya shiga aljihun mai ita ba. Saurayin da ya fara tunanin ajiye iyali tilas ya tambayi kansa ko wannan sana'a za ta riƙe gida.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, mawaƙin zamani ba da hannu biyu zai shiga wannan fage ba. Tun 1983 aka fito da tsarin da ake kira MIDI, wanda yake mayar da kiɗa lambobi. Kowane sauti na fiyano yana da lambarsa tsakanin 0 da 127, haka nan ƙarfin bugunsa. Saboda haka yaron da yake zaune gaban FL Studio yana jera kiɗa, umurni yake bai wa na'ura: buga wannan, jira kaza, maimaita sau huɗu, sa'an nan ka shigo da ganga. Rubuta manhaja ma jerin umurni ne irin wannan. Ko a waƙar gargajiya akwai tsarin, domin 'yan amshi suna maimaita amshinsu har sai jagora ya ba da alamar sauyi, masu kalangu kuma kowa ya san inda zai shiga da inda zai ɗaga. Wanda ya saba kama kuskuren bugu ɗaya a cikin kiɗan minti biyar yana da irin haƙurin da ake bukata wajen neman kuskuren harafi ɗaya a cikin layi dubu.

An ga misalin haka a ƙasashen waje. Alan Kay, Ba'amurke, makaɗin jita ne da yake cin abinci da kiɗa kafin ya shiga rundunar sojan sama, inda ya ci jarrabawar gwaji aka sa shi aikin kwamfuta. A 2003 shi ya sami lambar Turing, wadda babu ta sama da ita a wannan ilmi. Thomas Dolby, mawaƙin Ingila da ya yi tashe a farkon shekarun 1980, ya kafa kamfanin manhaja a Amurka a 1993, kuma fasahar kamfanin nan nasa, Beatnik, ita ce ta riƙa fitar da kiɗan kira a cikin ɗimbin wayoyin Nokia da suka cika kasuwanninmu.

To, amma kamfanin ba da shawara yana da nasa hali dabam. Irin wannan kamfani ba kayansa yake ƙerawa ya kai kasuwa ba, aikin wasu yake yi. Banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati za ta zo da matsala, misali biyan albashi da yake cike da kurakurai, ko tara harajin kasuwa da babu lissafinsa. Sai kamfani ya tura ayarin ma'aikata, su zauna da akawu da ma'aji su ji yadda aikin yake gudana, su rarraba shi gunduwa-gunduwa, galibi kowane mako biyu su nuna abin da suka gama. Duk layin da mutum ya rubuta sai abokin aikinsa ya duba kafin a karɓa. In an kammala a rubuta bayani, a miƙa wa mai aiki, a wuce wani wurin.

Nan ne mawaƙi zai ga abin da ya sani, ya kuma ga abin da zai ba shi wuya. Ya san hulɗa da ubangida, ya san karanta fuskar mai biki, ya san tsayawa gaban jama'a ba tare da gabansa ya faɗi ba, abin da yake gagarar injiniyoyi da yawa. Sai dai mawaƙi an horar da shi ya faɗa wa ubangida abin da zai ji daɗi. Mai ba da shawara kuwa kuɗi ake biyansa don ya faɗi abin da ba a son ji: wannan aiki ba zai ƙare cikin wata uku ba, ko kuma laifin ba na kwamfuta ba ne, na tsarin ofis ne. Injiniyan da ya ɗauki halin wasa maigida ya amsa duk abin da aka ce, shi ne zai bar ma'aikata ɗari ba albashi a ƙarshen wata. Bugu da ƙari, babu kirari a wannan aiki. Manhajar da ta yi kyau ba a san sunan wanda ya rubuta ta ba, ba a yi masa liƙi, sai ranar da ta lalace ake nemansa. Wanda ya saba da tafi, wannan shirun yana iya fin lissafi yi masa nauyi.

Hanyar koyo a buɗe take ga ɗan Kankiya ko Kusada. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsinma wadda aka kafa a 2011. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha. Harsunan rubuta manhaja irin su Python kyauta ake samunsu a intanet. Abin da ba kyauta ba shi ne kwamfuta, da wutar lantarki, da kuɗin data, da Turancin da zai isa mutum ya karanta bayani ya rubuta rahoto.

Lalle ne kuma a faɗi gaskiya game da kasuwar. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbin injiniyoyi a haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami kimanin 400 daga cikin ƙananan injiniyoyinsa na Nijeriya da Kenya da Uganda a 2019, saboda masu ba da aiki sun fi neman gogaggu. Daga 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara yin wasu ƙananan ayyukan da a da sabon shiga yake koyon hannu da su. Kwas na wata uku ba ya mayar da mutum injiniya, kamar yadda wata uku a bayan makaɗi ba ya mayar da yaro makaɗi.

Don haka shawara ga ɗalibi ko mawaƙin da yake wannan tunani ita ce kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya riƙe waƙarsa tana ba shi na sabulu, ya ware sa'o'i kullum yana koyo, ya fara da ƙaramin aiki na gaske, kamar rajistar ɗaliban wata makaranta a Kusada ko lissafin wani kanti a Kankiya, domin abin da hannu ya yi shi kamfani yake tambaya kafin takarda. Ma'aikatan gwamnati da suke ba da irin wannan kwangila su ma suna da nasu rabo a ciki: in yaro ya zo ya ce musu aikin ba zai yiwu yadda suke so ba, su saurare shi, domin aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan.