POIROT: Ga kisa, ga dariya!

Jama'a, kun taɓa ganin an yi kisa a fim, 'yan kallo kuma na ƙyalƙyala dariya? Haka 'Poirot' ya ke, shirin da tashar ITV ta Ingila ta fara nunawa a 1989, daga littattafan Agatha Christie. David Suchet ne jarumin, mai binciken nan ɗan Beljiyam mai gashin-baki da shegen son tsafta. Abokin sa Kyaftin Hastings kuwa gwanin zargin wanda bai ji ba bai gani ba ne.

Daga 2003 aka ajiye Hastings, shiri ya ɗaure fuska. Sai 2013 ya dawo, aka rufe da kashi na 70. Mu dai na farkon mu ka fi so: ka na dariya, mai laifi na wucewa ta gaban ka ba ka lura ba!