Tekun da ya taɓa kwanciya a ƙofar Gobir

Mu da muka saba ganin Gulbin Rima yana janyewa da rani a Sabon Birni, ya bar rairayi da 'yan kududdufai, da wuya mu yarda cewa teku ya taɓa zama maƙwabcinmu. Amma duwatsu sun adana shaida. Kimanin shekara miliyan 70 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara, ya bi ta Mali da Nijar, ya kwanta a kwarin Sakkwato har yankin Goronyo, yamma da Sabon Birni da Isa.

A tuddan Goronyo ne masana daga Italiya suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin damo da guza, mai dogon baki irin na kada. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. An kuma samu burbushin kunkurun ruwa da kadoji a wannan kwari, da haƙoran kifin shak a wajen Dange. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, asalinta ɓawon ƙananan halittun teku ne da ya taru ya daskare. Ke nan wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da ragowar teku ya yi shi.

Karanta tarihin ƙasa daga duwatsunta ba baƙon abu ba ne ga malaman Musulunci. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya dubi tsakuwar filayen Indiya, ya ce wurin teku ne da koguna suka cike da laka.

Abin takaici, ƙoƙon kan ƙadangaren Goronyo yana ajiye a birnin Fulorens na Italiya, alhali yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa jin sunansa ba. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda ya hana manomi gonarsa, balle mai bincike. Ƙashin da zaizayar ƙasa ta tono, in ba a tsince shi ba, damina kaɗan ke ruguza shi.

Haƙƙi ne a kanmu mu sanya wannan darasi a makarantun boko da na Islamiyya, mu kuma koya wa yara kai duk wani baƙon ƙashi ko ɓawo da suka tsinta ga masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.