Wa Ya Koya Wa Malaminku Koyarwa?

Duk malamin da ya shigo ajinku da alli a hannu, shi ma wani ne ya koya masa. Mu da muke jami'a yanzu, kwanan nan muka bar bencin da kuke kai, kuma sai da muka bar shi muka fara tambayar yadda ake horar da mutumin da zai tsaya gaban yara a Kusa, ko Magama, ko cikin garin Jibiya.

A tsarin ilimin Najeriya, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, karatun shekara 3 a kwaleji irin ta tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhaja da tantance kwalejojin. Hukumar TRCN kuma tana yi wa malamai rajista, tun 2017 ma sai an ci jarrabawarta.

A takarda dai babu laifi. Amma ku dubi ƙofar shiga. A 2023, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Wato aikin da ya fi kowanne buƙatar mai ƙwaƙwalwa, shi aka saukar wa farashi. Abin da ciwo, musamman a jihar da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu, kuma dukansu sai da suka riƙe alli kafin siyasa.

Inda muka fi ganin ɓaraka shi ne tsakanin lacca da aji. Ɗalibin NCE yana karanta darasinsa, a ce lissafi, a wani sashe, dabarun koyarwa a wani sashe daban, sannan a tura shi koyarwar gwaji. Idan ukun nan ba su haɗu ba, sai a samu wanda ya haddace ra'ayoyin masana da Turanci, amma ya kasa fahimtar da ɗan aji biyu, wanda Hausa kaɗai yake ji, yadda ake aro a lissafin ɗebewa. Koyarwar gwajin ma, amfaninta yana ga malamin da zai zo daga kwaleji ya zauna bayan aji, ya saurara, ya yi gyara. To idan makarantar tana ƙauyen bakin iyaka, ga matsalar tsaro a hanya, sau nawa zai zo?

An ga sakamakon a 2017. Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. A shekarar nan dai, a tsallaken iyaka, Nijar ma ta gwada malamanta 'yan kwantiragi, ƙungiyoyin malamai suka yi ta adawa. An sha yi wa malaman ba'a. Mu kam tambayarmu ga waɗanda suka ba su takardun take.

Ƙannenmu masu sha'awar koyarwa, kafin ku cike fom ku bincika ko NCCE ta tantance kwas ɗin. Ku kuma nemi 'yan shekarar ƙarshe ku tambaye su sau nawa aka zo duba su lokacin koyarwar gwaji, kuma me aka gyara musu.