Kofin Da Ya Kusa Shekara 58 Kafin Ya Iso Gida

Na san wata da ta ji an ce yau zancen tseren mota za a yi, sai ta taɓe baki ta ce ina ruwan biri da gada? To ki dakata 'yar'uwa, kada ki yi saurin juya shafi. Labarin wani gida ne na kawo muku, miji da mata da 'ya'yansu bakwai, waɗanda suka haɗa kai suka tunkari manyan attajirai da tsofaffin motoci, suka kuma yi shekara 13 ana fafatawa da su a babban rukunin tseren motoci na ƙasar Amurka. Sunan maigidan Wendell Scott, sunan uwargidan Mary.

WANE IRIN TSERE NE WANNAN?

Kafin mu shiga gidan, bari na ɗan yi muku bayanin wasan. A kudancin Amurka akwai wani tsere da asalinsa da motocin gama-gari ake yin sa, wato irin waɗanda kowa zai iya shiga kanti ya saya, su Ford da Chevrolet, sai a ƙara wa injin ƙarfi, a ɗaure cikinta da ƙarafa don kare direba, a rubuta mata lamba ɓaro-ɓaro a ƙofa. Filin kuwa zagayayye ne kamar ƙwai, motoci su yi ta kewaya shi, wanda ya riga cika adadin zagayen da aka yanka shi ne gwani, sai a kaɗa masa tuta mai zanen baƙi da fari. A shekarar 1948 wani mutum mai suna Bill France ya kafa hukumar da ke kula da wasan, wadda ake kira NASCAR, a garin Daytona da ke jihar Fulorida.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, direba shi kaɗai ba ya cin tsere. Dole sai da ƙungiya a bayansa: makanikai masu haɗa inji, da yaran da ke tsaye a bakin fili suna jira ya shigo su canza taya su ɗura mai cikin ƙiftawar ido, da kuma mai kuɗin da zai biya duk wannan. Manyan ƙungiyoyi kamfanonin ƙera motoci ne ke ɗauke da su, a ba su sababbin injuna da tayoyi. Ƙanana kuwa sai dai su yi ta kame-kame.

ƊAN DIREBA YA TASO

An haifi Wendell Scott ranar 29 ga Agusta 1921 a garin Danville da ke jihar Bajiniya, gari ne na masaƙu da kamfanonin sarrafa ganyen taba. Baƙar fata ne, a zamanin da dokar kudancin Amurka ta raba baƙi da farare a makaranta da gidan abinci da masauki, kai har da famfon shan ruwa. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike a gidajen wasu attajirai farare, a gurinsa yaron ya fara riƙe sifana. Tun yana ƙarami ya ƙudurce a ransa ba zai ƙare rayuwarsa a masaƙa ba kamar sauran samarin unguwarsu. Bai kammala sakandare ba ya kama tuƙin tasi, a shekarun nan ne kuma ya auri Mary. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi aka ɗauke shi soja, ya yi aikin gyaran motocin soja a Turai.

Da ya dawo sai ya buɗe garejinsa. Amma fa ba zan ɓoye muku ba, yana da wata sana'a ta dare wadda ba ta halal ba, wato safarar barasar da ake dafawa a ɓoye. Da yawa daga direbobin tseren farko daga nan suka koyi gudu, don sai ka fi motar 'yan sanda sauri za ka tsira. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya: a 1949 aka kama shi, kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara 3.

Abin mamaki, ta wannan hanya sunansa ya fito. A 1952 masu shirya tsere a Danville suna neman abin da zai jawo musu 'yan kallo, sai suka yanke shawarar sa baƙar fata guda a cikin direbobi. Suka tambayi 'yan sanda wa ya fi iya tuƙi a cikin baƙaƙen garin, 'yan sanda kuwa ba su yi dogon tunani ba suka ambaci mutumin da ya sha tsere musu.

ƘOFAR DA AKA RUFE

Da ya ɗanɗana ya ji daɗi, sai ya ja motarsa zuwa filayen NASCAR a jihar Karolina ta Arewa. Aka dube shi aka ce ba zai shiga ba. A wani filin ma cewa aka yi idan yana so motarsa ta yi gudu, to ya miƙa wa farar fata ya tuƙa. Ya ƙi, ya ɗaure motarsa ya koma gida ransa a ɓace. Bai haƙura ba, ya ci gaba da gudu a ƙananan filaye yana ci, har wani jami'i a filin Richmond ya yarda ya yanka masa lasisin NASCAR. A 1959 shi ne ya zama zakaran jihar Bajiniya a ƙaramin rukunin da yake ciki.

Ranar 4 ga Maris 1961, yana da shekara 39, ya shiga babban rukuni a garin Spartanburg. Daga nan ne ainihin labarin ƙungiyar gidan Scott ya soma, da motarsu mai lamba 34.

ƘUNGIYAR DA AKE TARA TA A TABURMAR GIDA

Jama'a, ku zo ku ji yadda ƙungiyar take. Mai mota shi ne Wendell. Direba shi ne Wendell. Babban bakanike shi ne dai Wendell. Yaran bakin fili kuwa 'ya'yansa ne na cikinsa, Wendell ƙarami da Frank, tun suna samari 'yan makaranta, sai 'yan'uwa da abokan arziki idan an samu. Motocin duk na hannu ne, waɗanda manyan ƙungiyoyi suka gama morewa suka sayar, kayan gyara kuma a tsinto nan a roƙo can, har tayoyin da wasu suka cire suka yar shi yakan ɗauka ya ƙarasa. Akwai ranakun da hannu bai ishe su ba, sai ya tsaya a bakin fili ya fito daga mota da kansa ya kama jak ya canza taya, sannan ya koma ya ci gaba da gudu, alhali abokan karawarsa suna zaune a kujera wasu na yi musu komai.

Ga kuma wahalar hanya. A shekarun nan akan yi tsere fiye da 50 a shekara, yau wannan jiha gobe waccan, ana jan motar tsere a bayan wata motar cikin dare. Kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964, masaukai da gidajen abinci da yawa a kudu ba sa karɓar baƙar fata, don haka matafiyi baƙi sai ya ɗauko guzurinsa daga gida, barci kuma sau da yawa a cikin mota. A filin ma ba a tsira ba: wasu 'yan kallo su yi ta zagi, wasu direbobi su buge shi da gangan, an sha yanka masa tayoyi, babban filin Darlington kuwa ya yi shekaru yana ƙin karɓar sa. Duk da haka ba a rasa na kirki ba, akwai direbobi farare irin su Ned Jarrett da suka riƙa taimaka masa.

To ke 'yar'uwa, ki ɗan tsaya ki yi tunanin Mary. A cikin littattafanmu mun saba da saurayi mai dalleliyar mota yana zuwa zance, budurwa na rangwaɗa. Ita Mary motar mijinta kishiya ce mai cin kuɗin cefane. Duk abin da aka samo a tsere, mai da taya da inji sun cinye kaso mafi tsoka, ga yara bakwai da ci da sha da makaranta, ga fargabar kowane fita, domin sana'a ce da ake mutuwa a cikinta. Kuma 'ya'yanta maza ma suna can bakin fili inda motoci ke wucewa kamar walƙiya. Ba ta tattara kayanta ba, tare suka zauna har mutuwa ta raba.

RANAR JACKSONVILLE

Ranar 1 ga Disamba 1963 aka yi tsere a garin Jacksonville na jihar Fulorida. Filin na ƙasa ne, rabin mil tsawon zagayensa, za a kewaya sau 200. Ran nan filin ya yi ramuka, motoci sai karyewa suke yi. Wendell yana cikin wata Chevrolet da ya saya a hannun Ned Jarrett, shi kuwa a irin waɗannan filaye na ƙura ya ƙware. Shahararren direban nan Richard Petty shi ke gaba, sai sitiyarinsa ya sami matsala ana saura kamar zagaye 25, Wendell ya wuce shi.

Ya cika zagaye na 200 ya duba, babu tuta. Ya ƙara zagaye, shiru. Ya sake ƙarawa. Sai ga shi an kaɗa wa wani farar fata mai suna Buck Baker tuta, aka kai shi gaban jama'a aka miƙa masa kofi ana tafi. Wendell ya ce atafau shi ya ci, a sake duba lissafi. Aka shiga bincike, sai bayan kamar awa 2, 'yan kallo duk sun watse, sannan aka fito aka ce gaskiyarsa ce, zagaye 202 ya yi, ya tsere wa Baker da zagaye 2 cur. Aka ba shi kuɗin na ɗaya, dala 1,000. Kofi kuwa aka ce babu.

Hukuma ta ce kuskuren masu ƙidaya ne. Amma abin da mutane da yawa suka yarda da shi daban ne. A al'adar wasan, wata budurwa farar fata da aka naɗa sarauniyar tsere ita ke miƙa kofi ta kuma sumbaci wanda ya ci, masu filin kuwa suna tsoron abin da 'yan kallo za su yi idan suka ga haka da baƙar fata. Ko ma mene ne dalili, baƙar fata na farko da ya taɓa cin tsere a babban rukunin NASCAR ya koma gida a daren nan ba a tafa masa ba. Allah sarki!

Wani da tuni ya yi zuciya ya jefar da sifana. Su kuwa gida suka koma suka buɗe inji. A 1966 ƙungiyar nan ta uba da 'ya'ya ita ce ta 6 a jerin maki na shekara, gaba da mutane da yawa da suka fi su kuɗi, kuma daga 1966 har 1969 ba su taɓa fita daga cikin goma na farko ba. Duk da haka babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyinsu.

TALLADEGA

A 1973 Wendell, yana da shekara 51, ya yi shahada ya ci bashi mai nauyi ya sayi wata Mercury, mota mafi kyau da ya taɓa mallaka, da fatan ko sau ɗaya ya kara da manya da kayan aiki irin nasu. Ya kai ta babban filin Talladega a jihar Alabama cikin watan Mayu. Ba a yi nisa da farawa ba aka yi mummunan karo da ya haɗa da motoci kusan 20, tasa na ciki. Mota ta zama tarkace, shi kuma ya sami karaya a ƙugu da haƙarƙari da ƙafa. Ya ƙara tsere guda a Charlotte a ƙarshen shekarar, daga nan ya ajiye. Ya koma gareji, ya yi shekaru yana biyan bashin motar da ko zagaye 20 ba ta yi masa ba.

Ga lissafin abin da suka bari: tsere 495 a babban rukuni, nasara 1, shiga cikin biyar na farko sau 20, cikin goma na farko sau 147. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning, Richard Pryor ya fito a matsayinsa, Pam Grier a matsayin Mary. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 1990 sakamakon ciwon daji a ƙashin baya, yana da shekara 69, bai taɓa riƙe kofinsa ba.

KOFI YA ISO

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Garin Danville ya sa wa wani titi sunansa. A 2015 NASCAR ta shigar da shi zauren gwarazanta, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga, ɗansa Frank, yaron nan mai canza taya, shi ya tsaya ya yi jawabi. Ranar 28 ga Agusta 2021, saura kwana ɗaya ya cika shekara 100 da haihuwa, hukumar ta kira iyalansa filin Daytona ta miƙa musu kofin tseren Jacksonville a gaban jama'a. Bayan makonni kaɗan, cikin Oktoba 2021, wani matashi mai suna Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babban rukuni, kuma a ina? A Talladega, filin da ya karya Wendell.

Ƙannena 'yan makaranta, ban ce ku je ku auri mai tseren mota ba, ban kuma ce ku amince miji ya zuba kuɗin gida a abin da ransa ke so ba, don kun dai ji irin bashi da karayar da abin ya jawo. Abin da nake so ku duba shi ne, kalaman wasiƙa da turare kowa ya iya su. Ranar da aka hana mijinki haƙƙinsa a bainar jama'a ya dawo gida da ƙura a fuska, a ranar ake sanin irin gidan da kuka gina. Gidan Scott an hana su masauki, an hana su kofi, amma ba a taɓa iya raba kansu ba, shi ya sa da kofin ya tashi zuwa ya tarar da waɗanda za su karɓe shi.