Daga dutsen Dabus zuwa dajin Baban Rafi

Tun kafin takarda da alƙalami su shigo ƙasar nan, magabata sun zana namun daji bisa duwatsu. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya zarce mita 5. Christian Dupuy ne ya sanar da masana labarinsu a 1987. Mai aikin ya san dabbar sarai, ko zanen fatarta bai tsallake ba.

A ƙasar Hausa kuwa, fasahar ta faɗa hannun maharba. Sukan haɗa kan burtu da itace da fata, su ɗaura a goshi, su duƙa suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci barewa. Mu a ganinmu, wannan ma zane ne, sai dai mai motsi.

To, amma yaron Madarunfa me zai kalla ya zana? Giwayen da ke ratsa dajin Baban Rafi sun daina zuwa. Raƙuman dawan Nijar 49 kacal suka rage a 1996; sai a 2018 aka maido guda 8 jihar Maraɗi, can Gadabeji.