Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba: Abin da Misalanmu Ke Faɗa Game da Halinmu

Ka zauna a bakin tafkin Madarunfa da hantsi, lokacin da masunta ke fitowa da kamun safe, ka kasa kunne. Za ka ji an ce wane zurfin ciki gare shi, wance tana da farin jini, ɗanta kuwa taurin kai ya yi masa yawa. Babu wanda ya taɓa zura gora a cikin mutum don ya auna zurfinsa yadda ake auna tafki, kuma jinin kowa ja ne. Duk da haka kowa ya gane abin da ake nufi. Malaman adabin Hausa suna kiran wannan salo siffantawa, wato a ɗauki abin da ido ke gani a bayyana abin da ba a gani da shi.

An daɗe ana ɗaukar siffantawa a matsayin adon harshe na mawaƙa da maroƙa. A shekarar 1980 wasu masana biyu na Amurka, George Lakoff da Mark Johnson, suka fitar da littafin da ya girgiza wannan fahimta. Suka ce da misali ɗan Adam yake yin tunanin kansa. Hausa ta ba su gaskiya. Fushi a wurinmu zafi ne, shi ya sa muke cewa zafin rai, a kuma ce wa mai haƙuri sanyin hali gare shi. Mai kyauta hannunsa a sake, marowaci hannunsa a dunƙule. Murna da ɓacin rai kuwa a ciki muka ajiye su, ɗaya fari ɗaya baƙi.

To, kowa iri ɗaya yake amfani da misali? Binciken masu nazarin halayyar ɗan Adam ya nuna a'a. A 2013 Adam Fetterman da Michael Robinson sun yi wa ɗalibai a Amurka tambaya guda: a ina kake jin kai ɗinka yake, a ƙwaƙwalwa ko a zuciya? Waɗanda suka zaɓi ƙwaƙwalwa sun fi siffanta kansu da lissafi da bin hujja. Waɗanda suka zaɓi zuciya sun fi tausayi da saurin sosuwar rai, kuma hakan ya fito a irin hukuncin da suke yankewa. A 2016 Fetterman da abokan aikinsa suka ƙara gano cewa masu yawan magana da misali sun fi gane abin da ke motsi a ran mutane. Mu ma mun san su. A zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi, wani dattijo zai ƙirga damin da aka yi ɓarna ya faɗi kuɗinsa, wani kuma zai tuna musu cewa harshe da haƙori ma sukan saɓa. Zaman yana bukatar su duka biyun.

Misali yana kuma jan ra'ayin mai sauraro ba tare da ya ankara ba. A 2011 Paul Thibodeau da Lera Boroditsky na jami'ar Stanford suka ba mutane labarin wani gari da laifuffuka suka addaba. Alƙaluman iri ɗaya ne, sai dai an ce wa wasu laifin dabbar daji ce mai farautar garin, wasu kuma aka ce musu cuta ce mai yaɗuwa. 'Yan rukunin farko suka fi karkata ga kamu da ɗauri, na biyu suka fi yawan ambaton neman tushen matsalar, kamar talauci da rashin ilimi. Da aka tambaye su dalili, akasarinsu alƙaluman suka nuna. Wasu masana a Holan sun sake gwajin a 2014 ba su ga bambanci mai ƙarfi ba, don haka muhawara ba ta mutu ba tukuna. Amma darasin ya shafi ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka hana jama'ar kan iyaka barci. Wanda ya kira ɓarayin daji kuraye, tarko zai nema. Wanda ya kira lamarin annoba, zai tambayi inda ta samo asali. Kafin a tashi daga taro, kalmar da aka fara jefawa ta riga ta share wa shawara hanya.

Akwai abin lura kuma. Matasa da yawa yanzu suna cika gwajin hali a intanet, irin na Myers-Briggs mai raba mutane gida 16, wanda ya samo asali daga littafin Carl Jung na 1921. Masana da dama suna sukar sa, domin mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya faɗa wani gida daban. Ga kuma matsalar harshe: gwajin da ya san kai da zuciya kawai, ina zai ajiye cikin Bahaushe? Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, ma'aunan da ya samo daga Hausawa su ne irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci, kuma yawancinsu a zaman tare ake gane su.

Ko karin maganar nan ta "hali zanen dutse" ita ma misali ce, kuma tana da nata tasirin. Uban da ya ɗauki halin ɗansa a matsayin dutse zai yi saurin sallama shi. Binciken da aka bi mutane shekaru da dama ana auna su ya nuna hali yana da tushe mai ƙarfi, amma yana sauyawa sannu a hankali, yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon amana yayin da suke manyanta. Masunci a Madarunfa ya san tafkinsa kan cika da damina ya ja baya da bazara, bai kuma taɓa cewa ya zama wani tafkin ba. Da a ce da wannan idon malami ko uwa za su dubi yaron da aka laƙaba wa taurin kai, watakila da sun ƙara masa lokaci.