Gatarin kurege: furen dajinmu da ake sayar da irinsa a Turai

Da zarar damina ta kankama, wanda ya ratse daga kwaltar Madalla zuwa Suleja ya shiga cikin ciyayi yana iya cin karo da wani fure mai kama da harshen wuta, ja daga sama, ɗorawa daga gindi, yana rataye a jikin wani ƙaramin itace. Hausawa na ce masa gatarin kurege, wasu kuma gudumar zomo. Masana tsirrai sun san shi da Gloriosa superba. Sunan Hausar daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, domin saiwarsa ta lanƙwashe gida biyu kamar ƙota da ruwan gatari. Ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, sai dai bakin kowane ganye ya miƙe siriri ya nannaɗe abin da ke kusa, da haka yake hawa. Rani na shigowa ya bushe ƙurmus, saiwar ta kwanta a ƙasa tana jiran ruwan baɗi.

Ma'aikatan tarayya da yawa sun zauna a Suleja saboda sauƙin haya, kuma duk wanda Allah ya hore wa gidan kansa yakan so ya ƙawata tsakar gida. Masu sayar da furanni a gefen titunan Abuja ba su rasa ciniki daga gare su. A nan ne ake rikita gatarin kurege da wani baƙon fure da ake gani a hotunan intanet, wato Lilium lancifolium, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan damisar Asiya. Abin mamaki, waccan dabbar ratsi-ratsi gare ta, alhali furen ɗigo-ɗigo baƙaƙe ne a kan ruwan lemo, don haka ya fi kama da damisarmu ta gida.

Asalin wannan baƙo ƙasashen Sin, Japan da Koriya ne, inda aka daɗe ana nomansa don a dafa albasarsa a ci. A 1804 William Kerr ya aika da shi daga Kanton zuwa lambun Kew na Ingila, daga nan ya bazu a Turai da Amurka, har ya tsere daga lambuna ya koma na daji a wasu wurare. Irin da aka fi shukawa ba ya yin iri, sai wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe da ke fitowa a hammatar ganye, su faɗi ƙasa su tsiro. Albasarsa tana buƙatar sanyin hunturu kafin ta yi fure yadda ya kamata, kuma hunturun Suleja bai kai wannan sanyin ba. Wanda ya kashe kuɗi a kansa a nan, da wuya ya ga abin da ya gani a hoto. Ga masu kiwon kyanwa kuma haɗari ne, domin ko garin furen ta lasa yana iya kashe mata ƙoda.

Namu na gida ba ya wahalar shuka, amma dafinsa ya fi tsanani. Kowane sashe nasa, musamman saiwa da iri, yana ɗauke da sinadarin kolcisin. Likitoci na amfani da shi a ƙanƙanin awo wajen maganin ciwon gaɓɓai da ake kira gaut, sai dai tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A Siri Lanka da Indiya mutane sun mutu bayan sun ɗauki saiwar a matsayin doya ko dankali suka dafa. Alamun sukan fara cikin sa'o'i kaɗan da zafin baki, amai da zawo. Mai ciwon yakan ɗan ji sauƙi a yi zaton ya wuce, daga baya ƙoda da ɓargo su gaza. Wanda ya rayu gashin kansa kan zube bayan mako ɗaya ko biyu. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, kuma ba abu ne na jiran gari ya waye ba, sai asibiti nan take, tare da guntun tsiron don likita ya gani.

Wasu ƙasashe sun san darajarsa. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe, kuma doka ta ba shi kariya a can. A jihar Tamil Nadu ta Indiya manoma na kafa masa rumfuna a gona, suna yi masa barbara da hannu, su sayar da irin ga kamfanonin magani. A kasuwannin furen Turai ana sayar da shi a matsayin fure na alfarma.

A kewayen Dutsen Zuma kuwa, fulotai da gidajen bulo na cinye dajin da yake fitowa shekara bayan shekara, kuma mai sharar fili ba ya bambance shi da sauran ciyawa. Wanda ya tsinci saiwar a filinsa yana iya kwantar da ita a kwance cikin tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ya yi hattara kada tsinin ya karye domin daga nan take tsirowa, ya kafa mata sanda, sannan ya ɗora tukunyar inda hannun yara da bakin awaki ba za su kai ba.